Tsohon masaukin fatake na Edirne: gyara ya yi kyau, me ya hana otal ɗin tafiya?

Ɗan Madugu ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Tambayata a kan tsofaffin masaukan fatake na bakin hanya ce, waɗanda Turkawa ke ce wa han, mutanen Iran kuma karwansara. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na Rustam Pasha da ke Edirne, a Turkiyya ta ɓangaren Turai, dab da iyakar Bulgariya da Girka. An gyara shi aka mayar da shi otal a 1972, ya kuma shiga cikin gine-ginen da suka samu lambar yabo ta Aga Khan a zagayenta na farko, a 1980. Amma alƙalan da suka ba da lambar ba su ɓoye ba: gyaran ginin ya yi kyau, mayar da shi otal ɗin ne bai karɓe shi ba.

To a nan nake neman haske. Gidan da tun ran gini don saukar baƙi aka yi shi, yaya za a ce ya gagara zama gidan saukar baƙi? Masu ilimin abin ku taimaka dalla-dalla: yadda irin wannan gida yake aiki a da, abin da ke cin gininsa, da yadda ake gyara shi, har da awon kayan haɗi in da hali.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Madugu. Kalmar "masauki" ce ta ruɗe ka. Han ba otal ba ne. Katanga ce mai ƙofa ɗaya da aka gina don kaya da dabbobi su kwana lafiya, mutum kuwa ya raɓa a gefe.

Dubi na Saljuƙawa, Turkawan da suka yi mulki kafin Usmaniyya, a tsakiyar Anatoliya, wato Turkiyya ta ɓangaren Asiya, waɗanda suka girmi na Edirne da shekara ɗari uku da wani abu. An jera su a kan hanya tazarar zango guda, wato kilomita 30 zuwa 40, abin da ayarin raƙuma zai ci daga asuba zuwa la'asar. Babbansu shi ne Sultan Han da ke tsakanin Konya da Aksaray, wanda Sarki Ala'uddin Kaiƙubad ya gina a 1229. In ka shiga ƙofa sai buɗaɗɗen tsakar gida na lokacin zafi, da ɗan masallaci a tsakiya wanda aka ɗaga a kan bakuna huɗu, wato bakan gizo na gini, sai kuma ƙaton zaure rufaffe a can ƙurya na lokacin sanyi, inda mutane da dabbobi ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Matafiyi yana da kwana uku kyauta. Takardar wakafin Karatay Han, kusa da Kayseri, ta tanadi abinci da magani da gyaran takalmi ga duk wanda ya sauka, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, ɗa ko bawa. Ka lura da wannan da kyau: ba kuɗin kwana ne ke riƙe gidan ba. Gonaki da shagunan da aka yi wakafi ne ke ciyar da shi.

Na Edirne na cikin gari ne, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Istanbul ta nufi ƙasashen Balkan. Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, shi ya tsara shi wajen 1560 don Rustam Pasha, babban wazirin Sarki Sulaiman kuma surukinsa, wanda ya rasu a 1561. Tsakar gida biyu gare shi. Babban yana kewaye da ɗakuna hawa biyu da baranda, ƙaramin kuma na raƙuma da barga da sauran hidima ne. Ta fuskar titi akwai jerin shaguna na haya. Ɗakin irin wannan gida fayau yake: murhu a bango, 'yar alkuki ta ajiye fitila, shi ke nan. Falke da shimfiɗarsa yake zuwa, da tukunyarsa. Bayi na kowa da kowa ne a wani lungu, wanka kuma sai a tafi gidan wankan gari.

Baƙon yau fa? Yana son banɗaki a cikin ɗaki, da ruwan zafi, da taga mai haske, da shiru. Ko ɗaya ba a gina gidan da shi ba.

Abin da ya kashe su kuma ba tsufa ba ne, hanya ce ta ƙaura. Jirgin ƙasa ya iso Edirne daga Istanbul a 1873, daga baya babbar mota ta zo tana cinye zango biyu cikin awa guda. Mu ma mun ga irinsa a hanyar goro ta Gwanja. Bambancin kawai shi ne namu zangon ba ginin dutse ba ne. Fatake a gidan fatoma suke sauka, shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ya sa da ayari ya daina zuwa zango ya rikiɗe ya zama unguwa, kamar yadda ake gani a Kumasi da Salaga. Katangar dutse mai ƙofa ɗaya ba ta rikiɗa da sauƙi haka.

Magini Mai Cokali ya amsa:

Malam ya gama da tarihi, bari in shiga bango.

Ba a fara da gyara. Ana fara da kallo, kuma kallon shekara guda cur. A zana ginin yadda yake, a ɗauki hoton kowane bango, a sa wa kowace tsaga lamba. A kafa ƙusa biyu, ɗaya kowane gefen tsagar, a riƙa auna tazararsu duk wata har wata 12. Tsagar da ke buɗewa da sanyi ta koma da zafi numfashin gini ce, a cike ta da turmi mai laushi a wuce. Wadda kullum ƙaruwa take yi, ita ce ke cewa tushe na nutsewa ko baka na tura bango waje, kuma cike ta kafin a gano dalili ɓarnar kuɗi ce.

Babban abokin gaba ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Ta sama: gine-ginen Usmaniyya darma ake shimfiɗa wa ƙubbobinsu, kaurinta wajen milimita 2. Darma tana miƙewa da rana ta tsuke da dare, don haka ƙanana-ƙanana ake yanka ta, a naɗe bakin wannan cikin na wancan, ba a kafe ta ta kowace kusurwa. Wanda ya shimfiɗa doguwa ya bi ta da ƙusa, ba a daɗe ba za ta yage. Kuma ba a ɗora ta kai tsaye a kan ɗanyen siminti ko ɗanyar farar ƙasa, suna cin ta ta ciki. Yaɓen laka da ƙaiƙayi ake fara yi, sannan darma ta hau. Na Iran da na hamada masu shimfiɗaɗɗen rufi kuwa hukuncin soronmu ne: a sabunta yaɓe, a buɗe indararo kafin ruwa ya sauka.

Ta ƙasa: gidan bakin hanya yana da wata cuta tasa. Duk lokacin da aka sake zuba kwalta titi na ƙara tudu, har a wayi gari bakin ƙofa ya koma ƙasa da titi, ruwan sama yana kwarara cikin tsakar gida. Sai an haƙa an dawo da ƙasa matsayinta na asali a jikin bango, an yi rami kewaye da ginin, an kwantar da bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa, da gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Kada ramin ya manne da tushe ko ya zarce zurfinsa, sai a janye masa ƙasar da yake tsaye a kai.

Sai gishiri, wanda aka fi mantawa da shi. Bangon barga ya sha fitsarin raƙuma da dawaki shekaru ɗaruruwa. Danshi yana hawa da wannan gishirin, in ya bushe a fuskar bango sai ya zama ƙwaya-ƙwaya a cikin ramukan dutse, yana fasa shi yana zubar da shi kamar gari. Za ka ga fari-fari kamar kanwa daga ƙasa zuwa ƙugun mutum. Ba a wanke shi da ruwa, mayar da shi ciki kake yi. A goge shi a bushe da buroshi, sannan a kwaɓa yumɓu da dagargajen takarda da ruwa mai tsabta, a shafa kaurin santimita 2, a bar shi ya bushe ya tsotso gishirin, a ɓamɓare a kai shi nesa. Ana maimaitawa sau uku, sau huɗu, ana aunawa. Bangon kuma a ba shi lokaci. Ƙiyasin masu aikin shi ne santimita biyu da rabi na kauri a wata guda, to ka lissafa bango mai kaurin mita ɗaya, ko da yana bushewa ta fuska biyu. Wanda ya yi gaggawa ya yi filasta a kan jiƙaƙƙen bango, a shekara ta biyu zai ga tana kumbura tana faɗuwa.

Akwai kuma ƙarfe. Magabata sukan ɗaure dutse da dutse da ƙugiyar ƙarfe, su zuba narkakkiyar darma ta rufe ta, sukan kuma giciya sandar ƙarfe a ƙasan bakunan baranda don kada su buɗe. Inda darmar ta tsage ruwa ya shiga, tsatsa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta fasa dutsen daga ciki. Ana cire wanda ya ruɓe a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Sandar baka kuwa, kada wanda ya yanke ta don wai ta tare wa baƙi kallo. Ita ke riƙe da barandar.

Yanzu turmi. Da farar ƙasa aka gina su, wato dutsen farar ƙasa da aka toya aka jiƙa, kuma da ita za a gyara. Wajen jiƙawa toyayyen dutsen ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kansa ba, domin tafasa yake yi yana fantsama, a sa tabarau da safar hannu. A tace, a bar kullun a rami da ruwa a samansa aƙalla wata uku. Awo na yau da kullum: kullu kashi 1, yashi mai kaifi wankakke kashi 3. Turkawa suna da nasu haɗin da suke kira horasan, inda ake ƙara niƙaƙƙen jan bulo, shi ke sa turmin ya kama ko a wuri mai danshi. A ƙwaƙule tsohon turmin da ya mutu da hannu, zurfin ninki biyu na faɗin tsakanin duwatsun, ban da injin yankan dutse, yana cinye bakin dutsen. A jiƙa wurin, a danna sabon turmi hawa-hawa kada kowane hawa ya wuce santimita ɗaya da rabi, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara mako guda. A Edirne sanyi na kai wa ƙanƙara, don haka in awon sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ajiye cokali. A ƙarshe a shafe da ruwan farar ƙasa, ban da fentin mai.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Magini. Duk abin da ka faɗa ana iya yin sa daidai, otal ɗin kuma ya faɗi. Tambayar Ɗan Madugu ke nan, kuma amsarta tana cikin banɗaki.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce han mai ɗaki 60, kowanne bai fi mita 3 zuwa 4 ta kowane gefe ba, kamar yadda galibinsu suke. In ka yanki banɗaki a cikin ɗakin, gado ba zai samu wuri ba. Dabarar da aka saba ita ce a sadaukar da ɗaki ɗaya cikin uku, a raba shi biyu, na dama ya samu banɗaki, na hagu ya samu. Sittin sun koma 40. Cire na kicin, da wanki, da sito, da ofis, da injin dumama ruwa, sai ka tsira da talatin da 'yan kai. Amma rufin da za ka kula da shi, da baranda, da tsakar gida, ko taku ɗaya ba su ragu ba. Kuɗin kula da gidan ɗaki 60 ne a wuyan ɗaki 30.

Sannan bututun bayi faɗinsa milimita 110 ne, yana kuma son gangara wajen santimita 2 a kowace mita. A bene, ƙasan ɗaki bayan baka ne. Ko dai ka huda bakan, ka raunana shi, ko ka ɗaga daɓen banɗaki baƙo ya riƙa hawa matakala. In an binne bututu a cikin bango mai kauri ya fara yoyo, ba mai sani sai danshi ya ɓullo a ɗakin ƙasa, ya tayar da gishirin nan da aka sha wahalar kwantarwa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Abin da ya fi shi ne a tara banɗakunan sama da na ƙasa a layi ɗaya, bututu ya sauka ta wuri ɗaya mai murfin da ake buɗewa a duba. Tururin wanka kuma a fitar da shi ta tsohon bututun hayaƙin murhu, tunda yana nan a ɗaki. In aka toshe shi aka sa tagar alminiyon mai kama iska, bango zai yi ta gumi yana fumfuna.

Ga ƙofa ɗaya. Ita ce darajar han a da, ita ce matsalarsa yau, domin hukumar kashe gobara ba za ta yarda mutane su kwana a bene da mafita ɗaya ba. Kuma duk ɗakunan tsakar gida suke kallo. Masu otal sukan nemi cike giɓin kuɗi da bikin aure a tsakar gidan, wanda ya biya kuɗin kwana kuma ya kwana ido biyu.

Waɗanda suka tsira kowa da hanyarsa. Otal ɗin Abbasi na Isfahan karwansara ne na farkon ƙarni na 18, zamanin Shah Sultan Husaini, wanda aka gina don kuɗinsa ya riƙe makarantar da ke maƙwabtaka da shi. Ya zama babban otal ne bayan an sake gina sassa da dama an kuma ƙara sabon ɓangare, wato ɗakunan da tsohon gini ba zai iya bayarwa ba an samo su a waje. Zainuddin, mai siffar da'ira a kan hanyar Yazd zuwa Kerman, ya bi akasin haka: labule ne ya raba wuraren kwana, shimfiɗa a kan dakali, banɗaki na tarayya. Baƙo ya san abin da ya zo nema, bango kuma ba a huda shi ba. Buyuk Han na Nikosiya a tsibirin Ƙubrus, ginin 1572, ya yi zaman kurkuku a hannun Turawan Ingila, ya yi zaman gidan marasa galihu, yanzu shagunan masu sana'ar hannu ne da wuraren shan shayi. Wakalar Ghuri ta Alƙahira, ginin 1504 zuwa 1505, ɗakunan masu zane ce da dandalin wasannin gargajiya. A ganina waɗannan biyun na ƙarshe sun fi dacewa da ginin. Ɗaki ƙarami mai ƙofa a baranda shago ne tun asali, ba ya neman famfo, kuma haya ce ke shigowa wata-wata kamar zamanin wakafi.

Malamin Tarihi ya ƙara da cewa:

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma shago sai da masu wucewa. Buyuk Han da Wakalar Ghuri a tsakiyar kasuwa suke. Iran kaɗai ta shigar da karwansara 54 cikin jerin kayan tarihi na UNESCO a 2023, da yawansu a tsakiyar hamada, inda ba mai sayen ko allura. Irin waɗannan in ba kwana ba, ba abin da zai kai mutum. Yarjejeniyar Banis ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine ma ta ƙarfafa a ba tsohon gini aikin yi mai amfani ga jama'a, da sharaɗin kada a canja tsarinsa ko adonsa. Na Edirne ɗin ma bai mutu ba, daga baya ya ci gaba da karɓar baƙi. Af, lambar Aga Khan ɗin nan ta taɓa zuwa gida: masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar, ginin ƙasa, ya same ta a 1986.

Ɗan Madugu ya sake tambaya:

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura ɗaya, Magini. Wata uku ana jiran kullu, ga mako guda na buhu. In aka ɗan barbaɗa siminti cikin haɗin don ya yi saurin kamawa, ko kashi ɗaya cikin goma ne, akwai laifi?

Magini Mai Cokali ya amsa:

Akwai, Malam. A tsohon bango turmi ne ya kamata ya fi dutse laushi, domin danshi ya fita ta cikinsa, in gini ya motsa shi ya tsage, a ƙwaƙule a sake. Siminti ya fi yawancin waɗannan duwatsu da jan bulo tauri, kuma ba ya barin ruwa ya wuce, sai danshin ya koma fita ta jikin dutsen. Bayan 'yan shekaru za ka ga layin siminti tsaye ƙyam, dutsen da ke tsakani ya lotsa. Ga shi yana zuwa da nasa gishirin. Ɗan kaɗan ɗin da kake faɗa ma ya fi muni ta wata fuskar: bai isa ya ba da ƙarfin kirki ba, amma ya isa ya toshe ramukan da iska ke bi ta busar da farar ƙasar. Duk wanda ya ga soron da aka yi wa filastar siminti ya ɓamɓaro da rabin bango a damina ya san zancen.

In sauri ake so, a ƙara garin jan bulo: kullu 1, garin bulo 1, yashi 2. Bulon ya zama mai laushin toyi, a niƙa shi lilis, a haɗa a ranar da za a yi aiki da shi, domin da zarar ya shiga ya fara kamawa. Kafin a taɓa babban bango a ɓanto ɗan tsohon turmin a kai ɗakin gwaji a ga abin da ke cikinsa, sannan a gwada haɗi uku a wani lungu, kowanne murabba'in mita ɗaya, a bar su su ga sanyi ɗaya da zafi ɗaya. Wanda bai tsage ba, bai yi gari ba in an murza da yatsa, launinsa kuma ya kusanci na da, shi za a ɗauka. Ramin kullun kuwa a haƙa shi tun ranar da aka kafa ƙusoshin awon tsaga, kafin wata 12 ɗin su cika ya daɗe da nuna.